Sana'ar Wankin Feshi da Gyaran Dandamalin Katako a Amurka

Yau za mu ɗan ajiye farashin hatsi da na fata, mu leƙa wata sana'a ta ƙasar Amurka, mu ga yadda masu ita suke lissafinsu da inda suke faɗuwa. Injin da ake yin ta da shi ba baƙo ba ne gare ku, irin wanda masu wankin mota suke feshi da shi ne a bakin titi. Sai dai can ana wanke bangon gida da shi, da daɓen siminti, da kuma dandamalin katako, wanda shi ne maganarmu.

Yawancin gidajen Amurka da katako ake gina su, da yawa kuwa suna da dandamali a baya, watau daɓe ne na katako da aka ɗora bisa ginshiƙai, da matakala da makari a gefe, inda iyali suke shan iska suna gasa nama. Ba rufi a kansa. Rana ta doke shi, ruwan sama ya doke shi, a jihohin arewa dusar ƙanƙara ta kwanta masa, sai ka ga ya yi toka-toka, gansakuka ta hau shi yana santsi. Bayan shekara 2 ko 3 dole a wanke shi a sake shafa masa mai, in ba haka ba ya soma tsagewa. To, kun ga kasuwar ke nan: kaya ne mai tsufa da kansa, mai shi kuma tilas ya dawo.

Shi injin ba sabon abu ba ne. Tun cikin 1950 wani Bajamushe, Alfred Kärcher, ya ƙera na ruwan zafi, har yau kuwa kamfanin yana ɗauke da sunansa. Abu biyu mai saye yake dubawa. Na farko ƙarfin bugu, wanda suke aunawa da laba a kan kowane inci murabba'i. Na 'yan sana'a yakan kai laba 3,000 zuwa 4,000. Na biyu yawan ruwan da yake fitarwa a minti ɗaya. Sabon shiga ƙarfin bugu yake tambaya, tsohon hannu kuwa yawan ruwa, domin ruwan ne ke kwashe daɗi, shi ne kuma ke rage awoyin aiki. Inji mai galan 4 a minti yana shan galan 240 a awa guda, watau lita 900 da ɗoriya. Mai galan 8 ninkin haka yake sha, famfon gidan mai aiki ba ya iya ƙosar da shi, sai an ɗora tanki bisa tirela ana jan sa. Ƙaramin inji dala ɗaruruwa ne a kanti, cikakken kayan aiki da tirela kuwa sai dubbai.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da ƙaramin injin yana da araha, kowace bazara sai sababbin masu wanki su ɓullo, suna karya farashi. Wankin siminti kowa ya iya shi, saboda haka ribarsa ta yi ƙaranci. Katako kuwa ba ya yafe wa mai garaje.

Ƙarfin da ke wanke siminti yanka katako yake yi. Itace mai taushi irin su fayin da sida, laba 500 zuwa 600 ta ishe shi, mai tauri ma ba a so a wuce 1,200. Kawunan feshin launi-launi ne don kada a ruɗe: ja yana fitar da ruwa tsinin allura, rawaya ya ɗan buɗe, kore ya fi shi, fari ya fi su faɗi, baƙi kuwa na sabulu ne. Wanda ya ɗora ja bisa katako ya rubuta sunansa a jiki, rubutun da ba ya gogewa sai an canja allon. Shi wannan jan har fatar mutum yake hudawa, shi ya sa ba a aikin da silifa. Gwani da fari ko kore yake bi, yana bin tsawon allo yadda jijiyar itacen ta kwanta, ba ya tsayawa a tsakiya, don duk inda ya tsaya tabo ne. In ya matsa da yawa sai katakon ya tashi gashi-gashi, a koma bin sa da samfefa, aikin yini ya zama na kwana biyu, kuɗin kuwa ba su ƙaru ba.

Gaskiyar magana, magani ne ke yin wankin, ruwan ɗauraya yake yi. In daɗi ne kawai da gansakuka, akwai garin wanki mai kumfar iska da ake jiƙawa a shafa. In tsohon mai ne ake son ɓarewa, sai a sa mai soda, irin sodar nan ta masu sabulu. Ita soda tana baƙanta katako, saboda haka a bi ta da wani asid mai suna okzalik, launin itacen ya dawo fes. Waɗannan magunguna suna iya ƙona furanni da ciyawar mai gida, a can kuwa mutum yakan fi jin zafin furensa da aka kashe fiye da allon da aka ɓata. Sai a jiƙa shuke-shuken da ruwa kafin a fara, a sake jiƙa su bayan an gama.

Sa'an nan sai jira. Ba a shafa mai bisa jiƙaƙƙen katako, ba zai shiga ba, kafin shekara ta zagayo ya ɓare. Aƙalla kwana 2 ake ba shi, masu hankali kuma suna da ɗan ma'auni da suke soka wa allo, sai danshin ya sauka zuwa kashi 15 cikin 100 ko ƙasa da haka. Ranar shafawar ma ana son kada a yi ruwa har kwana guda bayanta, kada sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, kada kuma rana ta yi ƙuna har man ya bushe bai shiga ba.

Yanzu ku zo ga jinga, inda nake ganin a nan ake ci ko a faɗi. Da ƙafa murabba'i ake yanka kuɗin aiki. Ɗauki dandamali mai ƙafa 12 da 16, ka sami 192 ke nan. Wanda ya yi ciniki ta waya a kan 192 bai je ya gani ba, ya sayi tuwo a rufe. Bai ƙirga matakala ba. Bai ƙirga makarin gefe ba, alhali sandunansa kowace fuska huɗu gare ta, da buroshi ake bin su ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa sun fi daɓen cin lokaci. Galan guda na mai yakan rufe ƙafa 150 zuwa 300, tsohon katako busasshe kuwa sha yake yi kamar raƙumi, sai galan ya tashi biyu. Bai san ko fenti aka shafa a da ba, wanda ɓare shi wani aiki ne daban. Ga zuwa sau biyu aƙalla, ranar wanki da ranar shafa, kowace da man motarta da ladan yaro. In hadari ya taso a tsakani, zuwa na uku a aljihunsa. Don haka tsofaffin hannu ba sa sallamawa sai sun taka allon da ƙafarsu, sun soka ƙusa sun ji inda ya ruɓe, su rubuta kome a takarda, mai gida ya sa hannu, su karɓi kafin alƙalami na sayen mai.

Akwai kuma hukuma. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ita ce tushen hana zubar da ruwan wanki mai magani cikin magudanar ruwan sama, garuruwa kuma suna cin tara a kai. Gidan da aka gina kafin 1978 ana iya samun fenti mai dalma a jikinsa, tun 2010 kuwa ɗan kwangilar da zai kankare fenti a irin wannan gida sai yana da takardar shaida. Dandamalin da aka kafa kafin 2004 kuma da yawa an jiƙa katakonsu da maganin gara mai gubar asanik, wanda aka daina sayarwa don aikin gidaje a ƙarshen 2003. Ƙurarsa ba ta shaƙuwa, guntayensa ba a ƙona su. Inshora ma wajibi ce ga mai son manyan ayyuka, don feshi ɗaya ya isa ya fasa gilashin taga ko ya tura ruwa cikin bango. Har tsumman da aka goge mai da shi, in aka dunƙule shi aka jefa a mota, yakan kama wuta da kansa, sai a shanya shi ko a nutsa shi cikin ruwa.

Wani abin da ke rage musu ciniki shi ne allon zamani na roba da garin katako, irin na kamfanin Trex, wanda ya soma yaɗuwa tun shekarun 1990. Shi wanki kawai yake so, ba a shafa masa mai, rabin aikin ya tafi ke nan.

A jihohin arewa kasuwar ta 'yan watanni ce, daga bazara zuwa kaka. Da sanyi ya kama sai ruwa ya daskare cikin famfon inji ya fasa shi, dole a tsiyaye shi a ajiye. Waɗansu su koma kwashe dusar ƙanƙara, waɗansu rataya fitilun Kirsimeti a gidajen mutane. A lokacin ne mai sana'ar yake buɗe littafinsa, inda ya rubuta kowane gida da ranar da ya shafa da irin man da launinsa, ya ware waɗanda suka cika shekara 2, ya soma aika musu saƙo tun ƙanƙara ba ta narke ba.