Aikin Fadama, Tsargiya da Karatun Yara a Ƙasar Gobir

Da zarar damina ta ɗauke, ruwan Gulbin Rima ya ja da baya, sai fadamun Sabon Birni da Isa su cika da masu noman rani. Cikinsu har da ƙananan yara, wasu na jan ruwa zuwa fangali, wasu na dashen albasa, wasu na shayar da dabbobi. Ba laifi ba ne yaro ya koyi sana'ar gidansu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aikin ya cinye lokacin makaranta, ko ya taɓa lafiyar yaron.

Babbar illar wuni cikin ruwan fadama ita ce tsargiya, wato fitsarin jini. Wata tsutsa ce ke haddasa ta, wadda likitan nan Bajamushe Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar kan ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwa, su hayayyafa, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya tsoma jikinsa. Daga nan sai su girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayensu na yi mata rauni. Wasu kan ɗauki jinin a matsayin alamar balaga, alhali cuta ce. Zubarsa a kai a kai na jawo ƙarancin jini, kuma jini ne ke kai iskar oksijin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa irin wannan yaro ke gyangyaɗi a aji, malami na zaton ragwanci ne.

Maganin feshi ma haɗarinsa ya fi yawa ga yaro. In aka dubi nauyin jikinsa, ya fi babba shaƙar iska, kuma gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba.

Ta fuskar karatu kuwa, noman rani na cin karo da zango na biyu na shekarar makaranta. Ɗalibin da ya yi fashin makonni yakan dawo ya tarar an wuce shi, daga nan sai zuciyarsa ta karaya. Rikicin 'yan bindiga ya ƙara dagula al'amarin, domin a 2019 dubban mutanen yankin sun tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, wasu yaran kuma ciyar da gida ya faɗo kansu.

Matsalar ba ta Gobir kaɗai ba ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2024 yara kusan miliyan 138 ne ke irin wannan aiki a duniya, akasarinsu a harkar noma. A Nijeriya, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta.

Sai dai doka ba ta shiga fadama da kanta. Malamin da ya lura ɗalibi na yawan fashi ko kasala, ya kamata ya tuntuɓi iyayensa, ya ba da shawarar a kai shi asibiti. Ƙwayar praziquantel na kashe tsutsar, amma muddin yaro ya koma ruwan, cutar na iya dawowa. Riga-kafinta shi ne yaro ya wuni a aji.