Harafi Mai Ƙafa da Marar Ƙafa

Ɗauki jarida ka ƙura wa babban harafin T ido. Idan ka ga 'yan ƙananan layuka a gindinsa da bakin hannuwansa biyu, kamar an dasa masa ƙafa, to salon da masu ɗab'i ke kira serif ke nan. Idan kuwa sanda ce a tsaye da wata a gicciye, ba wani ado, sunansa sans serif.

A ɗab'i, mai ƙafa ya girmi ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. Yana nan a rubutun da Rumawa suka sassaƙa a gindin ginshiƙin Trajan tun shekarar 113. Sanannen jikansa shi ne Times New Roman, wanda jaridar The Times ta Landan ta fara bugu da shi a 1932 bisa jagorancin Stanley Morison. Da gangan aka matse shi, don kalmomi da yawa su samu shiga siririn layin jarida. Marar ƙafa kuwa sai a 1816 ya shigo ɗab'i a Ingila, kuma a talla da alluna ya yi suna. Helvetica, da aka zana a Suwizalan a 1957, ita ce ta zama sarauniyar wannan gida.

An sha cewa ƙafafun nan suna jan ido daga harafi zuwa harafi, shi ya sa littafi ya fi daɗin karatu da su. A ganina sabo ya fi yawa a wannan magana. Girman harafi da tazarar da ke tsakanin layuka sun fi ƙafa tasiri ga idon mai karatu. Inda bambancin ya fito fili shi ne fuskar tsofaffin kwamfutoci, waɗanda ɗigoginsu manya ne, sai siraran ƙafafun su dagule. Wannan na cikin dalilan da suka sa Microsoft ta sauke Times New Roman daga matsayin harafin farko a Word 2007, ta ɗora Calibri marar ƙafa. Wayoyin yau sun kashe wannan matsala, amma allon hanya har gobe na marar ƙafa ne, domin direba kallo ɗaya yake yi ya wuce.

Shi ma fa marar ƙafa yana da nasa aibin. Rubuta "Illa" da Arial ka gani: sanduna uku ne a jere kafin a zo kan a, da ƙyar za ka raba babban I da ƙaramin l. A lambar sirri ko sunan magani, wannan ba abin wasa ba ne. Verdana ta kauce wa tarkon ne ta hanyar aro wa babban I ƙafa.

Mai rubuta Hausa yana da wata tambaya da ta riga duk waɗannan: shin salon yana da ɓ, ɗ da ƙ? Salo da yawa masu kyan gani ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salo, ka ga ƙ ta yi tsuru a tsakiyar kalma, ko kuma akwati ya maye gurbinta. Charis SIL mai ƙafa ne, Andika marar ƙafa, kuma dukkansu suna ɗauke da haruffan lanƙwasa, haka ma Noto na Google. Kafin ka miƙa aiki ga maɗaba'a, buga "ƙaiƙayi" da "ɓarɓashi" da salon da ka zaɓa, manya da ƙanana, ka duba su a kan takarda.