Babban kunshin data a yankin Gumel: wa yake ci, wa yake asara?

Tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, lissafin data ya canza wa matasa. Da zarar mutum ya danna *312#, abin da MTN, Airtel ko Glo za su nuna masa iri ɗaya ne: idan kunshin ya yi girma, kuɗin kowane GB sai ya sauka. Gaskiya ne, amma ga wanda zai cinye datar kafin wa'adinta ya cika.

A ce saurayi ya sayi 30GB na wata guda, ya yi amfani da 12GB kawai, bai kuma sabunta a kan lokaci ba. Kowane GB da ya mora ya tsaya masa ninki biyu da rabi na farashin da ya gani a allo. A nan ne masarautar Gumel ta rabu gida biyu. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke cikin gari, yana samun 4G, yana kallon darasi a YouTube, yana kuma buɗe wa abokan ɗakinsa hotspot, babban kunshi ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, musamman idan karo-karo suke yi. Amma a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, inda alamar sabis kan faɗo zuwa H ko E, kwana 30 kan ƙare data na nan jibge. Ga kuma matsalar wuta: wayar da ke kwana a shagon caji ba ta cin data.

Maigatari kuwa labarinta daban. Ranar Alhamis ake cin kasuwar dabbobi, dillalai na tura bidiyon shanu da raƙuma ta WhatsApp ga masu saye daga kudu. Mai irin wannan sana'a, kwana ɗaya ko biyu ne a mako datarsa ke gudu, don haka kunshin mako ko na yini kan fi dacewa da shi. Kuma tunda garin a bakin iyaka yake, waya na iya kama sabis ɗin Nijar da kanta. Kunshin Najeriya ba ya aiki a kan wancan sabis, kuɗin kati ne zai tafi. Maganinsa a kashe roaming na data, a zaɓi kamfani da hannu a saitin waya.

A duba sharaɗin kunshi ma. Wani GB ɗin na dare ne kaɗai, wani na manhaja guda kamar YouTube. Wayar Android na nuna yawan datar da aka ci a watan jiya, *323# kuma na nuna ragowar. Wanda bai wuce 8GB a wata ba, kunshin 10GB ya ishe shi.