Baƙin Man Injin Jirgin Ruwa Tsakanin Makango da Yeji

Tun da aka gama madatsar Akosombo a shekarar 1965, Tafkin Volta ya malalo ya yanke hanyar Salaga zuwa kudu, har ya zama duk mai nufin Yeji daga Makango, ɗan kasuwa ne ko mai doya, ba shi da makawa sai ya ba da amanar ransa ga injin jirgi. Saboda haka mas'alar baƙin man da ake zuba wa injin nan ta cancanci a dube ta da natsuwa.

Mai lamba ɗaya, kamar SAE 40, an auna kaurinsa da zafi ne kaɗai. Shi ya sa da asubahin hunturu yakan yi nauyi, ya yi jinkirin isa ga ƙarafan da ke gogayya, alhali kuwa a wannan lokaci ne inji ya fi cin kansa. Mai lamba biyu, kamar 10W-40, musamman wanda aka sarrafa da sinadari, yana gudu da sauri a sanyi, kuma ba ya tsinkewa ainun idan rana ta take. A ra'ayina shi ya fi dacewa da sababbin injuna, ko da yake wasu tsofaffin injunan dizal, bisa umarnin maƙeransu, sai mai lamba ɗaya.

Amma injin da ake gauraya wa mai da fetur, irin Yamaha da masunta suka saba da shi, hukuncinsa daban ne: man TC-W3 ake zuba masa, galibi kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, kuma baƙin man mota yakan toshe masa fulogi da gawayi a tsakiyar ruwa.