Barasar Tuffa Ta Amurka Da Goskolon Jos: Harshe Ba Ya Gane Guba

Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun san Jos da sanyi da kayan lambu. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, shi ya sa dankalin Turawa da tuffa suke yi a ƙasarsa. A Jos ɗanya ake cin tuffa. Amma a Amurka tun zamanin da ake matse ruwanta a yi wata barasa da suke kira Applejack. Labarin wannan barasa kuwa akwai darasi a cikinsa ga Jos, inda goskolo yake cin samari yau.

Manoman Amurka na farko dabararsu mai sauƙi ce. Sukan bar ruwan tuffa ya tsima ya zama giya, sa'an nan su ajiye ganga a waje lokacin hunturu. In ruwan ya daskare sai su kwashe ƙanƙarar su zubar, abin da ya saura ya ƙara ƙarfi. Aibin wannan hanya shi ne, duk wani dafi da ke cikin giyar shi ma ƙara ƙarfi yake yi, har da wata guba da ake kira metanol. Daga baya sai aka koma dafa ta a tukunya ana tara tururin, watau mai dafawa ya sami damar ware abin da ba a so.

Kamfanin Laird na Jihar Niyu Jasi, wanda aka kafa a 1780, shi ne mafi daɗewa a wannan sana'a. A 1897 Gwamnatin Amurka ta yi wata doka: barasar da ke neman shaidar hukuma tilas ta fito daga masana'anta guda, ta shekara huɗu cikin gangar katako a sito mai tsaron hukuma, ƙarfinta kuma ya zama kashi 50 cikin 100. Masu shanta sukan zuba kaɗan, su sansana, su kurɓa sannu a hankali, suna cewa suna jin ƙamshin gasasshiyar tuffa da na katakon ganga. Amma fa binciken hukuma ne ya ba su wannan natsuwa. Da aka haramta giya a ƙasar daga 1920 zuwa 1933, sai sana'ar ta koma ɓoye, dubban mutane suka mutu da gurɓatacciyar barasa, ba kuwa wanda harshensa ya gargaɗe shi.

To, a Jos ma haka abin yake. Burukutu ta dawa ta daɗe a ƙasar, ƙarfinta kuma kaɗan ne. A 1975 aka kafa kamfanin giya na Jos, wanda ya yi suna da giyar Rock. Shi kuwa goskolo haɗi ne da ake yi a ɓoye, ga araha ga ƙarfi, kuma mai saye bai san abin da aka zuba masa ba.

Mazauna Kudu ba su manta da 2015 ba, lokacin da ogogoro mai metanol ya kashe mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sa'an nan ya kashe wasu da dama a Jihar Ribas. Metanol ba shi da bambanci da barasa a ido ko a baki. Cokali ɗaya na cin abinci yana iya makantar da mutum, biyu ko uku su kashe shi. Har ila yau ba ya nuna kansa nan take, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da dishi-dishin ido su taso.

Ga Musulmi giya haramun ce, magana ta ƙare. Malaman coci ma suna wa'azi a kan goskolo. Duk da haka wa'azi bai hana ana sha ba, kuma da wuya a rasa wanda ya baro ɗa ko ƙane ko ɗan maƙwabci a Jos. Saƙon da ya kamata a aika gida shi ne: duk wanda ya sha ya ce idonsa yana ganin hazo, kada a kwantar da shi wai sai giya ta sake shi. A garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Kunyar rana ɗaya ta fi makantar har abada sauƙi.