Famfon iska na safe: lalurar motocin "congelé" da ke cin kuɗin masu mota a Briqueterie

Duk mai motar fetur ƙirar Jamus a unguwar Briqueterie, wadda asalin sunanta Ekoudou, ya san wata ƙara da ke fitowa daga gaban motar idan aka tayar da ita bayan sallar asuba. Tana kama da ƙarar na'urar busar da gashi, ta yi kamar minti ɗaya zuwa biyu ta ɗauke. Wasu kan ɗauka matsala ce, alhali alamar lafiya ce. Ranar da ƙarar ta ɓace, ko ta koma kururuwa, sannan fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, ranar ce lalura ta shigo.

Abin da ke wannan ƙara ƙaramin famfo ne mai aiki da batir, wanda kanikawan Yawunde ke kira "pompe à air secondaire". Inji mai sanyi yana shan fetur fiye da ƙima, kuma ba ya ƙone shi duka. Sai famfon ya tura iska mai tsabta cikin bututun hayaƙi, daf da inda hayaƙin ke fitowa daga inji, domin ragowar man ya ƙarasa ƙonewa a can. Zafin da hakan ke haifarwa shi ke gaggauta ɗumama katalizer, wato tukunyar tace hayaƙi, wadda ba ta fara aiki sosai sai ta kai wajen digiri 300. A Amurka aka fara amfani da dabarar a 1966. Motocin da ke shigowa Kamaru ta tashar jirgin ruwan Duwala daga Beljiyam da Jamus, irin su Mercedes, BMW, Volkswagen da Audi na ƙarshen shekarun 1990 da na 2000, da yawansu suna da shi, haka ma manyan Toyota masu silinda takwas kamar Land Cruiser da Sequoia. Motocin gas ba su cikin wannan magana, haka da yawa daga cikin ƙananan Toyota da ake tasi da su.

Akwai masu cewa kayan sanyin Turai ne, ba shi da aiki a Afirka. Kwamfutar mota ba ta san taswira ba. Zafin ruwan inji take dubawa, kuma motar da ta kwana a Yawunde, garin da ke kan tuddai sama da mita 700, inji mai sanyi ce a wurinta.

Matakin farko shi ne a sa na'urar bincike, wadda aka fi sani da "valise". Tun 2001 dokar Turai ta wajabta wa sababbin motocin fetur wurin jona ta. Lambar P0410 na nufin tsarin ya samu matsala, P0411 iskar ba ta tafiya yadda ya kamata, P0418 ta shafi rile, P0491 da P0492 kuma iskar ta yi kaɗan a ɓangare ɗaya na injin. A Toyota an fi ganin P2440 zuwa P2445. Sai dai lambar unguwa kawai take nunawa, ba ta nuna gida. A nan ne kuɗi ke fara zurarewa: an ga lamba, an ce famfo ne, an aika Camp Yabassi a Duwala an sayo wani na hannu, an ɗaura, bayan wata biyu shi ma ya mutu.

Dalili kuwa shi ne, sau da yawa famfon ba shi ne mai laifi ba, shi aka kashe. Tsakaninsa da bututun hayaƙi akwai bawul wanda aikinsa ya bar iska ta wuce, ya hana hayaƙi dawowa. Idan baƙin toka ya taru ya hana shi rufewa, hayaƙi mai zafi da tururi sai su riƙa komawa baya. Tururin ya huce ya zama ruwa mai cin ƙarfe, ya kwanta cikin famfo, ya sa shi tsatsa har ya ƙage. Wani lokaci zafin ma narkar da tiyo yake yi. Gwajin ba ya buƙatar ko sisi: a cire tiyon da ya haɗa famfo da bawul a leƙa. In an ga ruwa ko baƙin hayaƙi a ciki, bawul ya tafi, kuma duk famfon da aka saka ba tare da an canza shi ba, hanyar na farko zai bi.

Bakanike mai natsuwa yakan ce a bar masa motar ta kwana, domin galibi tsarin ba ya tashi da kansa idan inji ya yi zafi. Da safe ya tayar ya saurara. In famfo bai motsa ba, ya duba fiyus, wanda babba ne, yawanci amfiya 40 ko 50. Fiyus da ya ƙone ba a ɗaure shi da waya kamar yadda wasu ke yi, domin alama ce famfo yana jan wuta fiye da ƙima, kuma waya a wurin tana iya jawo gobara. Daga nan sai rile, wanda kan maƙale ya bar famfo yana ta gudu har ya ƙone, ko ya shanye batir cikin dare. In waɗannan lafiya lau, a ba famfon wutar batir kai tsaye: ya juya da ƙarfi, matsalar tana wayoyi, ya yi shiru ko gurnani, ya mutu. A motoci da dama famfon yana ƙasa-ƙasa a gaba, don haka wanda ya kutsa ruwa a Avenue Kennedy lokacin da kogin Mfoundi ya cika, ya faɗa wa bakanike tun farko.

Idan famfo yana hura iska amma fitila ta ƙi mutuwa, sai a bi siraran tiyo masu buɗe bawul, waɗanda zafi ke busarwa su tsage. Mafi wahala shi ne toshewar ƙananan hanyoyin iska da ke cikin kan inji, domin sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai gare su a kankare.

Ana iya tafiya da motar haka? A yawancin motocin Jamus ana iya, ƙarfin inji ba ya raguwa. A manyan Toyota kuwa kwamfuta kan daƙile ƙarfin injin idan bawul ya maƙale a buɗe, ta yadda hawan tudun Mont Fébé ma sai da ƙyar. Toshe hanyar da faranti, da wasu ke yi, yana hana hayaƙi dawowa, amma fitila za ta ci gaba da ci, kuma ranar da wata lalura babba ta zo, fitilar da za ta sanar tana kunne tun tuni. Ga kuma hayaƙin safe, wanda a lungunan Briqueterie masu matsi yake shiga tagar maƙwabci da shagon tela kai tsaye.

Bayan gyara a goge lambar da "valise". A motoci da yawa kwamfuta ba ta gwada tsarin sai a tashin sanyi, kuma galibi sai ta ga kuskure sau biyu a jere kafin ta kunna fitila. Don haka fitilar da ta mutu a garaji da rana ba shaida ba ce, mai mota ya jira safiya biyu ko uku kafin ya cika wa bakanike ragowar kuɗinsa.