Duka a gida da wulaƙanta tsofaffi: abin da za ka yi idan kai aka fara faɗa wa

A asibitocinmu na Birnin Kebbi da Argungu, da wuya mace ta shigo ta ce mijinta ne ya doke ta. Za ta ce ciwon kai ne da ya ƙi jin magani, ko rashin barci, ko faɗuwar gaba, ko ta ce zamewa ta yi a banɗaki. Tsoho kuwa sau da yawa ko baki ba ya buɗewa, wanda ya kawo shi ne ke amsa kowace tambaya. Idan har suka yi magana, ba likita suke fara faɗa wa ba. Uwa ce, ko yaya, ko maƙwabciya, ko limami, ko fasto. Watau kai ne, ko ke, mai karatu.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara. Abin bai san Bakabe ko Bafulatani ko Bazabarme ko Badakkare ba, bai san mai zuwa masallaci ko mai zuwa coci ba. Maza ma ana cin zarafinsu, sai dai kunya ta fi rufe musu baki.

Maganarka ta farko ita ce komai. Ja ta gefe, inda babu mijin, babu danginsa, babu yaran da za su kai labari. Ka bari ta gama. Ka ce mata ka yarda da ita, kuma ba laifinta ba ne. Kada ka tambaye ta me ta yi masa. Kada kuma "ki yi haƙuri" ya zama abin da zai fara fita daga bakinka. Haƙuri hali ne mai kyau, amma ba ya ɗinke dodon kunnen da mari ya fasa, kuma macen da aka sallama da wannan kalma takan yi shekaru ba ta sake buɗe baki ba.

Daga nan sai asibiti, tun kafin a tara dangi. Akwai abubuwan da ba sa jira. Idan an shaƙe ta a wuya, a kawo ta ko da babu tabo, domin kumburi na iya tasowa daga ciki bayan wasu awanni. A lura da dushewar murya, wahalar haɗiya ko ta numfashi. Idan an buge ta a kai ta suma, ko tana amai, ko ta rikice, gaggawa ce. Haka mai ciki da aka doka, musamman in ta ga jini, ko ciwon mara, ko motsin ɗa ya ragu. Idan an tilasta mata saduwa, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Asibitin Sir Yahaya, asibitin tarayya na Birnin Kebbi, babban asibitin Argungu, ko wanda ya fi kusa da ku, duk za a iya farawa daga nan. Ku roƙi likita ya rubuta raunukan dalla-dalla a kati. Ko ba ta da niyyar ƙara yau, rubutun zai yi mata amfani ranar da ta buƙata.

Sannan ka tambaye ta kai tsaye: kina tsoron komawa gida yau? Idan ya taɓa shaƙe ta, ko ya ɗauko mata wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ta, ko dukan na ƙara yawa da tsanani, to rayuwarta na cikin haɗari. Lokacin da mace ke ƙoƙarin barin gidan yana cikin lokuta mafi hatsari, saboda haka a shirya cikin sirri: gidan da za ta je, kuɗin kabu-kabu, takardunta da magungunanta, da lambar wanda za ta kira. Shawarar tafiya ko zama tata ce. In ta koma, kada ka yi fushi ka rufe mata ƙofa.

Ban raina sulhu ba. Iyaye, masu unguwa, malamai da shugabannin coci sun gyara aure da yawa a wannan yanki. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da ake yi rauni bai warke ba, a mayar da ita a daren, babu sharaɗi, babu mai leƙawa bayan mako guda. Kuma doka na nan. Akwai dokar tarayya ta 2015 da ta haramta cin zarafin mutane, jihar Kebbi ma ta kafa irinta. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, alƙali na iya raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata. Ma'aikatar harkokin mata, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA duk wuraren neman taimako ne.

Na tsofaffi ya fi ɓoyuwa, domin mai cutarwar galibi shi ne mai ba su abinci. Ba lallai duka ba ne. Akwai ɗan da ya riƙe katin banki yana cire fansho, maganin hawan jini kuma ya ƙare tun watan jiya. Akwai gonar fadama da aka sayar ba da sanin mai ita ba. Akwai tsohuwar da aka kulle a ɗakin baya cikin zafin Afrilu, ga ƙishirwa, ga fitsari, ga gyambon kwanciya a ƙugu. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai ciwon mantuwa: tana ɓata hanya, tana fita da dare, tana sambatu, sai a ce mayya ce. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Rikicewar da ta zo farat ɗaya kuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukari, kuma ana maganinta.

Idan ka je gaida Baba ko Inna, nemi ɗan lokaci ku kaɗai. Duba bayansu da ƙugunsu da duga-dugansu, duba kwalin magani ka ƙirga abin da ya rage. Tambaye su wa ke riƙe musu kuɗi, kuma da yardarsu ne. Ka dubi mai jinyar ma. Sau da yawa suruka ɗaya ce aka bar wa komai, ga yara, ga girki, ga rashin barci. Gajiya ba hujjar zalunci ba ce, amma idan 'yan'uwa suka raba kwanakin jinya da kuɗin magani, tsawa da hantara kan ragu. Idan kuwa akwai rauni, ko rama, ko tsohon na firgita da shigowar wani, ku kawo shi asibiti, kuma ku ce wa likita kuna so ya gan shi ba tare da mai jinyar a ɗakin ba.